Aranda: jakadan Sifaniya da ya hango nesa, ya kasa zama da na kusa

Ranar 14 ga Maris, 1794, majalisar ƙoli ta masu ba sarkin Sifaniya shawara ta zauna a fadar Aranjuez. Sarki Carlos na Huɗu yana wurin. Aka karanta takardar wani dattijo mai shekara 74, wadda a cikinta yake cewa yaƙin da ake yi da Faransa ba shi da amfani, ba kuɗin yin sa, kuma wanda zai ci ribarsa Ingila ce. Firaminista Manuel Godoy, saurayi da bai kai talatin ba, ya hau dattijon da zargi. Dattijon ya mayar masa da martani da zafi, a gaban sarki. Kafin rana ta faɗi an ɗora shi a keken doki an nufi Jaén da shi, can kudu. Daga can aka kai shi Granada aka tsare shi a Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmin Andalus, wadda a lokacin ta zama sansanin soja da gidan kaso.

Sunan dattijon Pedro Pablo Abarca de Bolea, amma duniya ta fi sanin sa da sarautar gidansu, Konde na Aranda. Abin da ke ɗaure wa mai karanta tarihinsa kai shi ne, mutumin da aka ɗaure don ya ƙi yaƙi a 1794, shi ne wanda a 1770 da 1777 ya yi ta buga ƙasa yana neman a shiga yaƙi. A Faransa masana suna yabon sa a matsayin gwarzon wayewar kai, mai karya lagon limaman coci. A gida masu ra'ayin riƙau suna tsine masa saboda wannan sunan. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi masa mummunar fahimta. Aranda soja ne kuma ɗan sarauta, kuma duk abin da ya yi daga lissafi ɗaya ya fito: nawa ne ƙarfin Sifaniya, kuma wane ne abokin gabarta na haƙiƙa. Amsarsa kullum ɗaya ce, Ingila.

An haife shi a 1719 a Siétamo, wani ƙauye kusa da Huesca a yankin Aragon. Gidan manya ne, masu filaye da talakawa a ƙarƙashinsu. Ya yi karatu a Italiya, a Bologna da Parma, a hannun limaman ɗariƙar Jesuwit, waɗanda daga baya shi zai kora daga ƙasar. Yana ɗan shekara 17 ya bar makaranta ya shiga soja. A 1743 aka ji masa mummunan rauni a yaƙin Campo Santo. Bayan ya warke ya zaga Turai, ya je Furushiya ya ga yadda Sarki Frederick yake horar da dakarunsa. Aka tura shi jakadanci Lisbon a 1755, shekarar da girgizar ƙasa ta rushe birnin, sannan Warsaw a 1760. A tsakani ya riƙe shugabancin rundunar igwa. A 1762 aka ba shi jagorancin mamaye Fotugal. Ya ci garin Almeida, amma yunwa, ruwan sama da turjiyar manoma suka cinye rundunar, Lisbon ta gagara. A wannan shekarar kuma Ingila ta ƙwace Havana da Manila daga hannun Sifaniya. Wannan wulaƙancin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Shi aka ba shugabancin kotun soja da ta hukunta hafsoshin da suka miƙa Havana.

Abin da ya ɗaga shi sama kuwa, rigimar tufafi ce.

Sarki Carlos na Uku ya zo Madrid daga Naples a 1759 da mutanensa 'yan Italiya. Babba a cikinsu shi ne Esquilache, ministan kuɗi da yaƙi. Mutum ne mai son gyara, ya sa aka shimfiɗa tituna, aka kafa fitilu. Amma damina ta yi ta ƙin kyau, gwamnati kuma ta cire ƙayyade farashin hatsi a 1765, burodi ya yi tsada. Cikin wannan hali aka fitar da doka a Maris 1766 da ta haramta doguwar alkyabba da faffaɗar malafa, wai saboda ɓarayi suna ɓoye fuska da makami a cikinsu. Aka zuba dogarai a titi da teloli, duk wanda aka kama a rage masa alkyabba nan take. Mai jin yunwa kuma baƙo ya zo ya taɓa masa sutura, ai magana ta ƙare. Ranar 23 ga Maris gari ya ɓarke. Aka fasa gidan Esquilache, aka farfasa fitilun, aka yi artabu da dogaran sarki 'yan ƙasar waje. Sarki ya fito barandar fada ya amsa buƙatun masu bore, da dare kuma ya sulale zuwa Aranjuez. Esquilache aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Italiya. Tarzomar ta bazu zuwa garuruwa da dama.

Sarki yana buƙatar ɗan ƙasa, soja, mai kwarjini. Aka kira Aranda daga Valencia, aka naɗa shi shugaban Majalisar Kastila, wato babbar hukumar shari'a da mulkin cikin gida. A nan ya nuna cewa zafin kansa bai hana shi dabara ba. Bai maimaita kuskuren almakashi ba. Ya tara shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a ya lallashe su. Ana kuma ba da labarin cewa ya mayar da doguwar alkyabba da faffaɗar malafa kayan aikin hauni. Wa zai so a gan shi cikin kasuwa da shigar mai rataye mutane? A hankali mutane suka ajiye su da kansu. Ya raba Madrid shiyya 8 da unguwa 64, kowace unguwa da mai kula da ita. Ya kori zauna-gari-banza, ya buɗe wuraren shaƙatawa, ya ba da izinin raye-rayen rufe fuska da limamai suka tsana. A zamaninsa aka fara gyara dandalin Prado, kuma aka yi ƙidayar 1768 zuwa 1769, wadda ta samu mutum miliyan 9 da 'yan kai, har yau da sunansa ake kiran ta.

Sai batun Jesuwit, wanda shi ya fi bin sunansa. Waɗannan limaman Katolika ne masu makarantu da dukiya da faɗa a ji, daga Madrid har Paraguay, kuma suna da alwashin biyayya ta musamman ga Fafaroma. Ga sarkin da yake son coci ta zama ƙarƙashin ikonsa, wannan alwashin kaɗai laifi ne. Fotugal ta riga ta kore su a 1759, Faransa ta rusa su a 1764. Bayan tarzoma aka yi binciken sirri ƙarƙashin lauyan gwamnati Campomanes, ya ɗora musu alhakin ingiza talakawa. Hujjojin ba su da ƙarfi, amma sarki ya riga ya yanke. Ya sa hannu a Fabrairu 1767, yana cewa dalilan ya adana su a cikin ransa. Aikin zartarwa aka ba Aranda, ya kuwa yi shi kamar farmakin soja. Aka aika wa gwamnoni umarni a rufe, da ranar da za a buɗe. A Madrid daren 31 ga Maris aka kewaye gidajensu, sauran garuruwa ranar 2 ga Afrilu. Aka kwashe su zuwa tashoshin jiragen ruwa da 'yan kayan jikinsu. In aka haɗa da na nahiyar Amurka da Filifin, sun haura 5,000. Fafaroma Clement na Goma Sha Uku ya ƙi barin su sauka a ƙasarsa, suka yi ta yawo a teku kafin a juye su a tsibirin Corsica.

Shahararren marubuci Voltaire ya yi wa Aranda kirari daga Faransa, ya zana shi a matsayin wanda ya yanke faratan kotun binciken aƙida ta coci. Daga nan aka yi ta ƙara gishiri, har aka ce shi ya kafa ƙungiyar asiri ta Mason a Sifaniya. Masu tarihin da suka tona takardunsa a ƙarni na 20 ba su samu hujjar hakan ba. Abin da suka samu shi ne, tunanin korar ba nasa ba ne, na sarki ne da Campomanes da ministan shari'a Roda, kuma daga baya ya riƙa taimaka wa wasu daga cikin korarrun. Wannan ba ya wanke shi. Wanda ya aiwatar da zalunci da ƙwarewa yana da nasa kason. Amma yana nuna irin wayewar kan zamanin nan a Sifaniya: gyara ne daga sama, don ƙarfafa sarki, ba don a tambayi talaka ra'ayinsa ba.

A fadar Carlos na Uku akwai ɓangarori biyu. Ɗaya na lauyoyi ne, 'ya'yan ƙananan gidaje da karatu ya ɗaga su, ana musu laƙabi da golilla, wato 'yan kwala, saboda farar kwalar da suke ɗaurawa a wuya. Su suna son mulki ya tattaru a hannun ministocin sarki. Ɗaya ɓangaren na 'yan sarauta ne da hafsoshi, ana kiran sa jam'iyyar Aragon, Aranda ne jagoransa. Su a ganinsu manyan gidaje su ya kamata su zama tsani tsakanin sarki da jama'a, ta hanyar majalisu. Sarki ya fi jin daɗin 'yan kwala, domin duk abin da suke da shi daga hannunsa ya fito. Aranda kuwa ba ya buƙatar sarki ya yi masa riga, kuma yana nuna hakan. Akwai labarin da ake yawan maimaitawa, cewa wata rana sarki ya ce masa ya fi alfadarin Aragon taurin kai. Ya ce ya san wanda ya fi shi. Sarki ya ce wane ne? Ya ce mai martaba Carlos na Uku. Ko labarin ya faru ko ƙagawa aka yi, mutanen zamaninsa sun ga ya dace da shi.

Rikicin 1770 kan tsibiran Falkland, da ke gaɓar kudancin Amurka ta Kudu, shi ya ƙarasa ɓata tsakaninsu. Sojojin Sifaniya daga Buenos Aires sun kori Ingilishi daga Port Egmont. Aranda ya ce a yi yaƙi. Faransa ta janye jiki, Sifaniya ta mayar da wurin a 1771, shi kuma ya caccaki ministan waje Grimaldi ba sassauci. A 1773 aka yi masa kora da hali: aka naɗa shi jakada a Paris. Shekara 14 ya yi a can. Ko da Grimaldi ya faɗi bayan kunyar da aka sha a harin Aljiyas na 1775, ba Aranda aka kira ba. Kujerar ta tafi wurin wani ɗan kwala, José Moñino, wanda aka ba sarautar Floridablanca saboda matsa wa Fafaroma da ya yi har aka rusa ɗariƙar Jesuwit baki ɗaya a 1773.

Ikon Allah, wannan korar ce ta kai shi inda tarihi yake tafasa. A 1776 yankuna 13 na Ingila a Amurka ta Arewa suka ayyana 'yanci. Ta hannun Aranda aka bi da gudummawar sirri ta farko daga Sifaniya, kuɗin Faransa libar miliyan ɗaya. A ƙarshen Disamban shekarar ya gana da wakilin Amurkawa Benjamin Franklin, ya kuma rubuta wa Madrid cewa a amince da sabuwar ƙasar, a shiga yaƙin yanzu tun tana buƙatar taimako, a ƙulla yarjejeniyar kan iyaka da ita tun tana da rauni. Floridablanca ya ja ƙafa, kuma yana da dalili. Sifaniya ce ta fi kowa yankunan mallaka a nahiyar, daga California har Patagonia. Yaya za ka taya 'ya'yan maƙwabci bijire wa ubansu alhali naka suna leƙe ta katanga? Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta, kai kuma kana ƙara mata mai. Ba a daɗe ba kuwa boren Túpac Amaru ya tashi a Peru a 1780, na Comuneros a Sabuwar Granada, wato yankin Kolombiya ta yau, a 1781.

Sifaniya ta shiga yaƙin a 1779, a matsayin ƙawar Faransa, ba ta Amurkawa ba. Bernardo de Gálvez ya ci Pensacola a 1781, aka ƙwato tsibirin Menorca a 1782. Jibralta, dutsen nan na kudancin Sifaniya da Ingila ta riƙe, ita ce ta gagara. A Satumba 1782 aka kai babban hari da wasu jiragen igwa da aka ce wuta ba ta cin su, Ingilishi suka harba musu jajayen harsasai masu zafi suka ƙone. Duk da haka sarki ya nace sai an dawo masa da dutsen a teburin sulhu. Ingila ta sa farashi mai tsada, Faransa ta gaji da yaƙi, baitulmalinta ya bushe. A Disamba 1782 aka ajiye wa Aranda tayi: Ingila ta riƙe Jibralta, Sifaniya ta samu Menorca da Florida duka biyu, ta gabas da ta yamma. Bai tsaya jiran sabon umarni daga Madrid ba, ya karɓa. Jakada ya yanke abin da sarkinsa bai ce a yanke ba, wannan a wancan zamani wasa da wuya ne. Madrid ta haɗiye, aka sa hannu a Versailles ranar 3 ga Satumba, 1783. Ita ce yarjejeniya mafi kyau da Sifaniya ta samu daga Ingila a wannan ƙarnin. Jibralta kuma har yau tana hannun Birtaniya.

A tattaunawarsa da wakilin Amurka John Jay a 1782 ya ga abin da ke tafe. Sun shimfiɗa taswira, Jay ya ce iyakar ƙasarsu kogin Mississippi ce, Aranda ya ja nasa layin can gabas da kogin. Ba su daidaita ba. Daga nan ne wata takarda da ake jingina masa ta samo tushe, wadda aka ce ya miƙa wa sarki a asirce a 1783. A cikinta an ce wannan jamhuriya an haife ta wada, amma rana na zuwa da za ta zama basamudiya, ta manta alherin da aka yi mata, ta fara da Florida sannan ta nufi Meziko. Maganin da takardar ta kawo shi ne Sifaniya ta saki yankunanta da kanta, ta kafa masarautu uku a Meziko, Peru da arewacin Amurka ta Kudu, kowace da ɗan gidan sarauta a kai, sarkin Sifaniya ya zama sarkin sarakuna, ya riƙe Cuba da Puerto Rico. Masu tarihi sun rabu kan takardar, domin ba a samu asalinta da rubutun hannunsa ba, sai bayan shekaru da dama ta bayyana, a lokacin yankunan sun riga sun ɓalle. Hasashen da ya yi daidai ƙwarai yakan sa a yi zargin bayan faruwa aka rubuta shi. Sai dai akwai wasiƙarsa ta 1786 zuwa ga Floridablanca, wadda ba a jayayya a kanta, inda yake cewa Amurka za ta suɓuce, gara a yi musaya tun da sauran daraja: a ba gidan sarautar Fotugal ƙasar Peru, Sifaniya ta karɓi Fotugal. Shawara ce da ba mai karɓa, amma tana nuna inda hankalinsa yake. Florida ta tafi ta yarjejeniyar 1819, Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta a 1848, Cuba da Puerto Rico suka bi a 1898.

Ya dawo gida a 1787. Matarsa ta farko ta rasu a 1783, 'ya'yansa sun riga shi rasuwa, ya auri wata yarinya 'yar dangi mai shekara 17 da fatan samun magaji, bai samu ba. Hankalinsa a wannan lokaci ya rabu biyu, tsakanin masana'antar tangaran ta Alcora da mahaifinsa ya kafa a 1727, wadda ya yi ta kawo mata ƙwararru daga waje, da kuma ƙulla yadda za a kayar da Floridablanca. Carlos na Uku ya rasu a 1788. Juyin juya halin Faransa ya zo a 1789, Floridablanca ya firgita, ya toshe iyaka, ya hana jaridu da littattafai shigowa. A Fabrairu 1792 aka sauke shi, kujerar da Aranda ya shekara kusan ashirin yana hange ta faɗo hannunsa yana da shekara 72. Ya sassauta takunkumin. Ya kuma bari aka tsare tsohon abokin hamayyarsa a kurkukun Pamplona, abin da bai yi masa kyau ba. Bai san irin ramin da yake ginawa ba.

Wata tara kawai ya yi. Manufarsa ita ce a zauna lafiya da Faransa ko wa ke mulkinta, domin ba tare da jiragen yaƙin Faransa ba, Sifaniya ba ta iya kare Amurka daga Ingila. Lissafin yana da kyau, amma al'amura sun fi shi gudu. Ranar 10 ga Agusta aka afka wa fadar Tuileries aka kama Sarki Louis na Goma Sha Shida. Aranda ya karkata zuwa shirin yaƙi. Sai sojojin juyin suka tare na Furushiya a Valmy ranar 20 ga Satumba, ya sake komawa ga 'yan ba-ruwanmu. Ga Carlos na Huɗu wannan ba siyasa ba ce kawai, Louis ɗan'uwansa ne na jini, gida ɗaya na Bourbon. Ranar 15 ga Nuwamba aka sauke Aranda, aka ɗora Godoy, ɗan shekara 25, tsohon dogarin fada wanda sarki da sarauniya María Luisa suka ɗauka ɗan lele. An bar wa Aranda kujerarsa ta dattijon majalisa. Aka fille kan Louis a Janairu 1793, yaƙi ya ɓarke a Maris, limamai suna wa'azinsa, talakawa suna ba da gudummawa. A irin wannan yanayi mai cewa a tsaya a yi lissafi sai a kira shi ɗan Faransa.

Abin da ya faɗa a majalisa ranar da aka kama shi bai ɗauki lokaci ba ya tabbata. Kafin ƙarshen 1794 Faransawa sun tsallako duwatsun Pyrenees, sun ci San Sebastián da Figueres. A 1795 suka shiga Bilbao da Vitoria har bakin kogin Ebro. Godoy ya nemi sulhu, aka sa hannu a Basel a Yulin 1795, Sifaniya ta ba da rabonta na tsibirin Santo Domingo. Sarki ya naɗa wa Godoy sarautar Yariman Zaman Lafiya, saboda sulhun da aka ɗaure wani don ya nema. A 1796 kuma aka wuce gona da iri, aka ƙulla ƙawancen soja da Faransa, hanyar da ta kai jiragen Sifaniya ga halaka a Trafalgar a 1805. Aranda tsaka-tsaki da makami a hannu ya nema, ba zama ɗan amshin shata ba.

Bayan sulhun aka sake shi, amma ba a bar shi ya koma fada ba. Ya tafi gidansa na Épila kusa da Zaragoza, ya koma duba gonaki da lissafin talakawan ƙasarsa. A can ya rasu ranar 9 ga Janairu, 1798. Sarautunsa suka koma gidan surukansa na Híjar. An binne shi, bisa wasiyyarsa, a San Juan de la Peña, wani tsohon gidan ibada da ke ƙarƙashin ƙaton dutse, inda kaburburan sarakunan Aragon na farko suke.